Ranar da kusoshin wili suka karye mini a hanyar Cholire

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi kafin in san cewa ɗaurin notin wili yana da awo. Abin da na gada wajen maigidan da ya koya mini mota a Garwa, arewacin Kamaru, shi ne, in ka ɗaura taya sai ka kafa sifana, ka hau ta da ƙafa, ka yi ta dannawa har notin ya yi kuka. In ya ƙi kuka, a zuro guntun bututun ƙarfe a ƙara wa sifanar tsawo. Haka na ga ana yi a tasha, haka masu faci ke yi daga Ngaundere har Marwa, haka ni ma na koya wa yara biyu da suka zauna a hannuna. Sau biyu kusa ta taɓa tsinkewa a ƙarƙashin ƙafata ina cikin ɗauri, duka biyun kuwa cewa na yi kayan jabu ne.

Motar da nake ja Hilux ce ta wani Alhaji mai shaguna a Garwa da Cholire, irin kat-kat ɗin nan, wato mai ja da ƙafa huɗu, mai ƙofa huɗu, rim ɗinta na ƙarfe, kowace ƙafa kusa shida. Kusoshin da nake nufi su ne waɗanda ke fitowa daga mazaunin wili, noti ya hau kansu. Kanikawanmu na nan da sunan Faransanci suka san su, gujon.

Ƙarshen damina ne, cikin watan Oktoba. Muka yi lodin sukari da shinkafa da jarkokin mai da sabulu, muka haye gadar Binuwai bayan sallar asuba, ni da yarona. Ba mu kai Ngong ba tayar baya ta hagu ta sace. An kwana ana ruwa, gefen hanya duk caɓi. Safayar Hilux a ƙarƙashin bodi take zama, saboda haka da muka sauko da ita, bayan rim ɗin ya yi ɓawo da busasshen taɓo da tsatsa. Na gani da idona. Na sa tafin hannu na shafe sama-sama, muka ɗora. Na kama notin farko na ɗaure shi tamau, na bi na kusa da shi, na zagaye su a jere kamar mai jan carbi, sannan yaro ya hau sifana ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A Ngong muka ba da tayar aka yi mata faci, muka jefa ta bisa kaya don sauri, muka bar safayar a ƙafa.

Kan kwalta ban ji komai ba. Sai da muka karya kwana a Gijiba muka hau burji, hanyar da ta ratsa gandun dajin Binuwai, inda gargada ke kaɗa mota har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Can cikin daji na fara jin wani ƙwas, ƙwas daga baya. Na ɗauka jarka ce ke bugun bodi. Amma da na rage gudu sai ƙarar ta rage sauri, da na ƙara ta ƙara, wato tana bin juyin taya ke nan. Jim kaɗan bayan motar ya fara rawa. Yaro ya leƙa ta bayana ya ce, "Maigida, tsaya, tsaya! Ƙafar nan lilo take yi."

Ban taka birki da ƙarfi ba, Allah ya ba ni wannan dabarar. Na cire ƙafa daga totur na bar ta ta lallaɓa ta tsaya. Da na zagayo na duƙa, jikina ya mutu. Ramuka biyu babu komai a cikinsu, kusoshin sun guntule sun tafi da notinsu. Ta uku tana nan amma babu noti, haƙoranta sun cinye. Sauran ukun da yatsa na juya su. Ramukan rim ɗin da ke zagayayyu sun koma kamar ƙwai, bakinsu na ƙyalli, ga garin ƙarfe ya zubo, rim ɗin kuma da zafi kamar an sauke shi daga murhu. A wannan hanya muna haɗuwa da babura masu goyon mutum uku da huɗu, mata da jarirai. Tayar da ta kuɓuce daga mota mai lodi ba ta zaɓen inda za ta nufa. Wannan tunanin ne ya fi tsaya mini a rai, fiye da motar Alhaji da kayansa.

Muka ɗaga mota, muka cire safayar, muka mayar da tayar da aka yi wa faci tunda rim ɗinta lafiyayye ne. Wannan karon da wuƙa na kankare mazaunin. Sa'ar da muka yi, kusoshi ukun da suka rage ba gefe guda suka taru ba. Wata babbar mota ta zo wucewa, direbanta ya taimaka ya ɗaukar mana fiye da rabin kayan. Muka ci gaba a giya ta biyu, duk bayan 'yar tafiya in tsaya in taɓa notin. Ba abin da zan ba wani shawara ya yi ba ne, amma dajin nan ba wurin kwana ba ne. Bayan isha'i muka shiga Cholire.

Da safe yaron shagon Alhaji ya kai ni wurin wani dattijon bakanike, Bahaushe, wanda ya yi shekaru a garejin kamfanin auduga kafin ya buɗe nasa a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Muka gaisa, ya duƙa ya daɗe yana kallon ƙafar.

"Ɗana, wa ya ɗaura maka wannan?"

"Ni ne, Baba."

Bai yi faɗa ba. Ya sa aka cire tambur ɗin birki, wato kwanon ƙarfen da birki ke kamawa a bayan rim, ya kawo guduma da wani guntun ƙarfe ya buge ragowar kusoshin suka faɗo ta baya. Ya ɗauki ɗaya daga cikin karyayyun ya goge a rigarsa ya miƙo mini, ya ce in dubi bakin karayar a rana. Fiye da rabinsa sumul yake, baƙi-baƙi, da tsatsa, da wasu siraran layuka masu lanƙwasa a jere. Ɗan abin da ya rage ne kawai fari tas, mai gautsi, kamar an karya ƙwayar sukari.

"Farin nan shi ne na jiya," in ji shi. "Baƙin nan kuwa ya yi watanni. Tsagewa ce ta fara, tana ci a hankali, ruwa na shiga. Ka daɗe kana yawo a kan rabin kusa."

Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ba su karye ba, ya sa mata sabon noti da yatsa. Notin ya tafi salin-alin har tsakiya, sai ya cije. Ya ɗaga ta sama ya nuna mini: daidai wurin ta ɗan yi ƙugu, ta siranta, tazarar haƙoranta ta buɗe. Ta miƙe ke nan, kuma ba za ta koma ba.

A nan ne ya yi mini bayanin da ya rushe duk abin da na sani. Ya tsinko robar tif daga bayan wani babur, irin wadda ake ɗaure kaya da ita. Ya ce kusar wili ita ma haka take, roba ce ta ƙarfe. In ka ɗaure noti, jan kusar kake yi tana miƙewa ɗan kaɗan, abin da bai wuce kaurin gashi ba, ita kuma tana son komawa, to wannan son komawar shi ke matse rim a jikin mazauninsa. Matsin nan shi ke ɗauke da mota da kayanta. Ni a da ina zaton rim rataye yake a kan kusoshi kamar riga a ƙusa. Ashe in ɗauri ya yi daidai, fuskokin ƙarfen biyu ne ke kama juna, kusoshin aikinsu matsewa kawai. Ya ja robar da ƙarfi har ta yi fari ta saki, ya ce, "Ka ga wannan? Ko ka ɗaure kaya da ita, ba ta riƙe komai. Haka kake yi wa kusa duk ranar da ka hau sifana."

Da matsi ya tafi, rim zai fara motsi. Kowane juyi na taya sai ya bugi kusar ya ɗan tanƙwara ta, ya sake ta. Tayar Hilux tana juyawa fiye da sau 400 a kilomita guda. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu, yana lanƙwasa ta gaba da baya har ta yi zafi ta tsinke, ya san sauran labarin. In ɗaya ta tafi, nauyinta ya koma kan maƙwabtanta, shi ya sa suke bin juna da sauri.

Na ce to taɓon fa? Ya ce taɓon shi ya ƙarasa aikin. Na ɗaure noti a kan ɓawon ƙasa, gargada ta niƙe ƙasar ta zube, aka samu rata. Tunda miƙewar kusar gaba ɗaya ba ta wuce kaurin gashi ba, rata kaɗan ta isa ta kwashe matsin duka. Tsatsa ma haka take yi, har sabon fenti mai kauri a bayan rim. Ga kuma ɗaurin jere da na yi: notin farko da na ƙulle tamau ya sa rim ya zauna a karkace, sauran suka ɗauru a kan karkatar.

Ya tambaye ni littafin motar. Yana cikin aljihun gaba, a ledarsa, ban taɓa buɗe shi ba. Baba ya buɗe wajen canjin taya ya sa yatsa a kan lamba: 105, da haruffa N·m a gabanta, wato niyuton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗawa. Ya yi mini lissafin a ƙasa da tsinke, ni ma daga baya na sake yi na ga haka ne. Sifana mai tsawon santimita 30, in ka danna ƙarshenta da ƙarfin kilo 35, ka kai wannan awon. Ko buhun siminti bai kai ba, aikin hannu ne. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen wannan sifanar ya haura 200, ninki biyu ke nan tun bai yi tsalle ba. In aka zura bututu tsawon ya kai rabin mita, an wuce 340. Kusar kuwa kaurinta milimita 12 ne kacal.

Lambar nan ba ta kowace mota ba ce, wannan ya nanata mini. Land Cruiser mai kusa biyar, irin ta masu zuwa Chadi, kusarta milimita 14 ce, awonta 209 in rim na ƙarfe ne, 131 in na alminiyom ne. Mota guda, lamba biyu. Notin ma ba ɗaya ba ne: na rim ɗin ƙarfe bakinsa a fiƙe yake don ya shige ramin ya daidaita shi, na alminiyom na Toyota kuwa mai wuya ne da washa a jikinsa. Na sha ganin an gauraya su a ƙafa guda, ni ma na taɓa aron noti daga wata mota ban duba bakinsa ba. Ya kuma tuna mini da wasu manyan motocin Japan irin tsofaffin Kanta, waɗanda notin ƙafafunsu na hagu baibai yake ɗauruwa. Yaro marar sani sai ya yi ta ƙulle shi yana zaton kwancewa yake.

Na so a canja ukun da suka lalace kawai, don in rage wa Alhaji kashe kuɗi. Baba ya ƙi. Ya ce duk shidan sun sha wuya iri ɗaya, kuma da hannunsa ba zai mayar da ko ɗaya ba. Na kira Alhaji na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya yi shiru, ya ce, "Kai da yaron lafiya?" Na ce lafiya. Ya ce a yi abin da dattijon ya ce. Washegari kusoshi shida da noti shida suka iso daga Garwa a motar haya.

Sa su bai ɗauki lokaci ba. Kowace kusa ta baya ake zuro ta, a daidaita zanen wuyanta da na ramin, sannan a jera washa a gaba a sa tsohon noti a ja ta a hankali har kanta ya zauna daram. Ya ce a kamfani da injin matsi suke yi, ya fi, amma wannan ma tana yi in an bi a sannu. Kowace sai ya haska tocila ta baya ya tabbata babu rata a ƙarƙashin kan. Abin da ya ci lokaci shi ne shara. Da buroshin waya ya bi mazaunin, ya bi fuskar tambur ciki da waje, ya bi bayan rim, har ƙarfe ya fito fes. Rim ɗin safayar kuwa ya ce a jefar, ramin da ya zama ƙwai ba ya sake riƙe noti.

Yarona, don son taimako, ya kawo baƙin mai a murfin jarka zai shafa wa sababbin kusoshin. Baba ya riƙe masa hannu. "A'a, jikana. A bushe." Ya ce lambar da ke littafi an auna ta ne a kan busassun haƙora. Mafi yawan ƙarfin da kake sawa a sifana gogayyar ƙarfe da ƙarfe ke cinye shi, kaɗan ne ke zuwa jan kusar. In ka sa mai ko giris, gogayyar ta ragu, sai awo guda ya ja kusar fiye da kima, ka miƙar da ita alhali sifanarka na ce maka daidai ne. Littafin ma ya hana, ya nuna mini wurin.

Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wani dogon akwati, ya buɗe. Sifanar awo ce, wadda suke kira kile dinamometrik, tsohuwa amma a goge. Ya ce in matso, ni zan ɗaure.

Na ɗora taya. Noti shida duka da yatsa na fara sa su, fiƙaƙƙen bakin yana kallon rim, har kowanne ya taɓa. Wanda ya cije tun farko a cire a duba, kada a tilasta shi. Mota na bisa jak na ɗan kama su da sifanar hannu, ba a jere ba: in ka yi wannan sai ka tsallaka ka yi na gabansa ta ɗaya ɓangaren, ka dawo, ka sake tsallakawa, yadda rim zai zauna a miƙe. Muka sauke jak har taya ta kama ƙasa. Ya murɗa gindin sifanar ya tsayar a wajen rabin awon, na zagaye su da tsallake, sannan ya kai ta 105. Ya ce in riƙe daidai mariƙin, in ja a hankali ba fizga ba. Na ja, notin na tafiya, na tafiya, sai na ji ƙas a tafin hannuna.

"Tsaya nan. Kada ka ƙara."

Wallahi raina bai kwanta ba. Ƙarfin da na sa bai kai rabin wanda na saba ba, ƙafata har ƙaiƙayi take. Na ce, "Baba, anya wannan zai riƙe a gargada?" Ya ce shekarun da ya yi yana ɗaure motocin da ke shiga ƙauyukan auduga, da wannan akwatin ya yi su.

Wani abu da ya ƙara mini, wanda nake ganin ko masu sifanar awon da yawa ba su lura da shi ba: dole noti ya kasance yana juyawa kafin ƙarar ta zo. In an riga an ƙulle shi da bindigar iska, wato injin ɗaure noti na masu faci, ko da ƙafa, ka ɗora sifanar awo, nan take za ta yi ƙas, amma abin da ta faɗa maka kawai shi ne an kai awon ko an wuce, ba ta san ko an ninka shi uku ba. Sai an sassauta an sake. Ba a kuma kwance noti da ita, in an gama a mayar da awonta ƙasa kafin a ajiye.

Ya ɗauko farin fenti ya ja ɗan layi daga kowane noti zuwa jikin rim, don in noti ya motsa ido ya gani daga tsaye. Ya ce duk tayar da aka taɓa, a sake bin ta bayan kilomita 50 zuwa 100, balle mai sababbin kusoshi da ba su gama zama ba. Dama akwai kayan da zan kai Rai Buba. Na je na dawo da la'asar, na wuce wurinsa kai tsaye. Ya bari ƙafar ta huce, ya ɗora sifana. Huɗu ba su motsa ba. Biyu sai da suka ɗan juya kafin ƙarar ta zo. Da na kama hanyar Garwa ba tare da wannan ba, da da su zan tafi a haka.

Da na koma gida, Alhaji da kansa ya ba da kuɗin sifanar awo, tana bayan kujerata yanzu. Muka kwance sauran ƙafafu ukun muka bi kusoshi goma sha takwas da sabon noti ɗaya bayan ɗaya. Biyar suka cije a tsakiya.

Da masu faci kuwa sai da muka ɗan sha fama. Ba na ganin laifinsu, abin da suka tarar ke nan, kuma direbobi ne ke matsa musu su ƙulle da ƙarfi. Wanda bai ji kukan noti ba sai ya ce ba a yi masa aiki ba. Yanzu in na je, ina cewa su kwance da bindigarsu in sun so, su yi facinsu, amma ɗauri nawa ne. Wani ya ɓata rai, wani ya tsaya kallo. Akwai ɗaya a hanyar Pitowa da yanzu in ya hango ni yake fito da buroshin waya tun ban yi magana ba. Kowace safiya kafin lodi ina zagaya mota in dubi layukan fentin, in duba ko akwai jan zanen tsatsa da ya tsiyayo daga gindin wani noti, domin wannan alama ce ta motsi.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne yaran nan biyu da na koya wa hawa sifana. Ɗaya ya bar tuƙi. Ɗayan yana jan wata Hilux ta haya zuwa Tuboro, mutane a gaba, mutane a bisa kaya. Na neme shi a tasha wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ce ya kawo motar gefe. Ya ce, "Maigida, lafiya?" Na ce abin da na koya maka ne na zo gyarawa. Muka ɗaga ta ƙafa-ƙafa, na ba shi sabon noti na ce ya bi kusoshin da yatsa. A ƙafar baya ta dama notin ya cije a kan biyu, ɗaya har da tsaga a gindinta da farce ke kamawa. Ranar bai yi lodi ba.